Faru, Inabin da Ba Wanda Ya Dasa

A Keffi ta yau ya fi sauƙi mutum ya sayi inabin da aka tsinko a Afirka ta Kudu da ya samu faru cikin tafin hannu. Masu kayan marmari a bakin titin Abuja suna jera inabin cikin 'yan robobi masu murfi, kusa da tuffa da lemo, rani da damina ba ya yankewa. Faru kuwa sai an yi cigiya, sai kuma an yi dace wata baiwar Allah ta shigo da shi daga ƙauye a ƙwarya. Yaran da aka haifa bayan an buɗe jami'a a garin, da yawansu ba su taɓa sa shi a baki ba, wasu ko sunan ba su taɓa ji ba.

Faru bishiya ce matsakaiciya mai toka-tokan jiki. Da rani takan kaɗe ganyenta tas, sai da bazara ta yi fure, 'ya'ya su biyo baya nono-nono suna reto a ƙarshen rassa. Suna farawa kore, su koma ja, in sun nuna sosai su yi baƙi mai sheƙi. Ɗa ɗaya bai wuce ƙwayar gyaɗa ba. Ba a tauna shi, watsawa ake yi a baki a tsotse, a tofar da ƙwallo. Akwai zaƙi, akwai ɗan tsami, sannan a ƙarshe wani ƙamshi na ƙaro ya tsaya a maƙogwaro irin na ɗanyen mangwaro. Wannan ba haɗuwar banza ba ce, domin masana tsirrai sun sa faru gida ɗaya da mangwaro da yazawa da danya. Turawa sun kira shi inabin Afirka saboda kamannin nonon kawai. 'Yar'uwar inabi ta jini a dajinmu ita ce dafara, wadda magina da marina ke haɗa laso da ita.

Yana nuna ne wajen watan Mayu zuwa Yuni, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon abinci kuma bai zo ba. Dajin yana da nasa tsarin: ɗorawa ta fara da bazara, faru da kaɗanya su karɓa da faɗuwar ruwa, ɗinya ta zo can cikin damina, kanya da taura su jira rani. Yaron da ya tashi a Keffi a shekarun 1970 bai san ana sayen waɗannan abubuwa da kuɗi mai yawa ba. Ranar Alhamis da babu makarantar allo mukan bi gefen rafin Antau mu fita bayan gari, kuma ba kowane faru muke tsayawa a gindinsa ba. Mun san wanda ke da zaƙi, mun san mai dasashe haƙori, mun san wani a gindin dutse da 'ya'yansa suka fi na sauran girma, wanda in ba a yi sammako ba 'yan wata unguwa sun riga mu. Kakata kan ce in za mu fita, "Maigida, ka ci ka ƙoshi, amma in na ji ka karya reshe, ni da kai ne." Ba gonarta ba ce, ba ta ma san mai gonar ba.

Babu wanda ya taɓa dasa faru a iya sanina na garin nan, kuma nan ne gaba ɗayan maganar take. Tsuntsaye da birai da mu yara mu ne muka yi ta watsa ƙwallon. Abin da manomi ya yi shi ne bari. In zai yi sassabe, gatarinsa ya san abin da zai tsallake: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, faru. In gona ta gaji a bar ta ta zama saura shekara da shekaru, a cikin sauran nan ne ƙananan itatuwa ke samun sukunin tasowa har su fi ƙarfin akuya da wutar daji. In an dawo an sake sharewa, a zaɓi na bari a bari. Haka Gwandara da Gbagyi da Yeskwa da Gade da Afo suka yi, haka Hausawa da Fulanin da suka zauna tare da su suka yi tun zamanin da Abdu Zanga ya kafa garin a farkon ƙarni na 19. Tsari ne mai kyau, amma yana tsaye ne a kan abu guda: ƙasa ta fi mutane yawa.

Wannan sharaɗi shi ne ya rushe, kuma a gabanmu ya rushe. A 1976 gwamnatin Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birni, a watan Disamba na 1991 gwamnati ta tare a Abuja, kimanin kilomita 50 daga ƙofar gidajenmu. Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire jihar Nasarawa daga Filato. A 2001 aka yi dokar kafa jami'ar jiha a Keffi, zamanin Gwamna Abdullahi Adamu. Rusau ɗin da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya turo dubban mutane Mararaba da Masaka, aka yi ta gangarowa har Uke da Gora, har mu. Gona ta zama fuloti. Wanda ya sayi fuloti kuwa abu na farko da yake yi shi ne ya share shi ƙal ya kewaye, don kowa ya san akwai mai shi. Gonakin da suka rage ba a barin su su huta, don babu wata da za a koma. Tarakta ba ta son kututture. Maganin feshi bai san bambancin ciyawa da jaririn faru ba. Abin da ya tsira daga waɗannan sai ya haɗu da masu gawayi, waɗanda buhunansu ke jere a bakin hanya suna jiran motocin Abuja. Manyan itatuwan da muka sani suna tsufa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, babu na baya da zai gaje su.

Ba na cikin masu cewa da can komai ya fi. Garin da na tashi a ciki, a wancan lokacin ba shi da asibitin tarayya, ba shi da jami'a, mace mai naƙuda mai wuya sai addu'a. Mutumin da ya sayar da gonar gado ya kai 'ya'yansa makaranta ba zan tsaya in yi masa wa'azin bishiya ba. Shi kansa farun, in za a faɗi gaskiya, rabinsa ƙwallo ne, kwana biyu a ƙwarya ya fara tsami. Manomin da ya sare shi ya sa yazawa ya yi lissafi ne, kuma lissafinsa daidai ne: ƙwallon yazawa akwai mai saye da sikeli a hannu, faru kuwa babu.

Abin da ya sa na dawo da wannan magana shi ne labarin wani irin inabi na ƙasar Italiya da ake yin giya da shi. Giya ba abin shanmu ba ce, ba kuma ita ta dame ni ba. Irin ne ya ja hankalina, da yadda ya kai bakin kabari ya dawo.

Sunansa Timorasso, farin inabi ne na tuddan da ke kewaye da garin Tortona a yankin Piyemonte, arewa maso yammacin ƙasar. Shekaru aru-aru ana noma shi a wurin. A shekarun 1860 wani ƙwaro ɗan mitsitsi mai suna filoksera ya shigo Turai daga Amurka, yana cin saiwar inabi daga ƙarƙashin ƙasa har kurangar ta bushe. Ya gama da gonakin Faransa, a 1879 aka gan shi a Italiya. Maganin da aka samu shi ne aure, irin wanda muke yi wa mangwaro: a ɗauki saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, a ɗaura mata reshen inabin Turai. Wannan na nufin sai an tumɓuke gonaki an sake dasawa daga farko. Mutumin da zai sake dashe da kuɗin aljihunsa kuwa zai zaɓi irin da ya fi cika kwando. Timorasso ba ya cikinsu. Bana ya yi 'ya'ya, baɗi ya yi rowa, nono ɗaya wasu manya wasu ƙanana, in damshi ya yi yawa ya ruɓe, ga cin aikin hannu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu samarin ƙauyukan suka tafi masana'antun Milan da Turin da Jenowa, tsofaffin da suka rage suka koma ga irin inabin Cortese da Barbera masu sauƙin sha'ani. Kafin shekarun 1980 abin da ya rage na Timorasso 'yan layuka ne a tsofaffin gonaki nan da can.

Wani manomi a ƙauyen Monleale, Walter Massa, yana da kaɗan daga cikin waɗannan kurangu a gonar gidansu. A 1987 ya tsinke su daban, ya sarrafa su daban, bai gauraya da komai ba, don ya ga abin da irin zai iya shi kaɗai. Abin da ya fito ya nuna masa akwai wani abu a wurin, sai ya ci gaba da yanko rassa yana ƙara dashe, alhali kasuwa ba ta tambaya ba. Da masu saye suka fara ganewa, bai rufe ƙofa ya ci shi kaɗai ba, ya zuga maƙwabtansa su ma su dasa. Suka haɗu a kan suna guda da za su riƙa sayarwa da shi, Derthona, tsohon sunan Tortona na zamanin Rumawa. Yau ana noma Timorasso a ɗaruruwan kadada, har manyan masu gonakin yankin Barolo suna zuwa sayen fili a tuddan da a da samari ke gudu daga cikinsu. Ba shi kaɗai ba ne. A yankin Marke wani manomi, Guido Cocci Grifoni, ya je ƙauyen Arquata del Tronto a cikin duwatsu a farkon shekarun 1980 ya yanko rassan wani farin inabi da ake kira Pecorino, wanda shi ma saura ƙiris ya ɓace. Italiya tana da irin inabi fiye da 500 a rajistar gwamnati, kowanne da sunansa da kwatancinsa.

Abu mai sauƙi ne a karanta wannan a ce to mu ma mu yi haka. Amma akwai bambanci, kuma bambancin ne ya fi tayar mini da hankali. Massa ya tarar da iri ne wanda kakanninsa suka riga suka zaɓa. Wani ya taɓa ɗanɗana kurangar nan shekaru ɗaruruwa da suka wuce ya ce wannan ta fi, ya yanki reshenta ya dasa, na bayansa suka yi ta yankowa daga wannan. Shi ya sa kurangu kaɗan suka isa a tayar da irin gaba ɗaya. Mu ba mu taɓa yin wannan matakin ga faru ba. Zaɓen mun yi shi, amma da baki da ƙafa muka yi shi: mun san wace bishiya ce ta fi, muna zuwa gindinta, shi ke nan. Ba mu sa mata suna ba, ba mu yanki reshenta ba. Ƙwallon bishiya mai zaƙi kuwa ba dole ya haifi mai zaƙi ba, duk wanda ya shuka ƙwallon mangwaron aure ya ga abin da ya fito ya san haka. Saboda haka ranar da aka sare farun nan na gindin dutse mai manyan 'ya'ya, ba bishiya ɗaya aka rasa ba. An rasa abin da zai iya zama iri mai suna, kuma babu wani wuri a duniya da za a je a samo shi. Gidan kwanan ɗalibai ne a wurin yanzu.

Kada a ce mutanenmu ba su iya wahalar bishiya ba. A ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, kusa da Zariya, manoma suna noman inabi na gaske: su kafa rumfa, su ja waya, su yi aski a kan lokaci, su yi ban ruwa da rani, su jira. Aiki ne da ya fi na faru wuya nesa ba kusa ba, kuma sun iya shi. Sai dai duk irin da suke nomawa baƙo ne, daga waje aka kawo shi da sunansa da littafinsa. Haka mangwaron aure da lemon aure da suka cika lambunanmu. Duk abin da ya zo mana a shirye mun karɓa mun ƙware a kansa. Namu na daji ne muka bari a matsayin abin yara da 'yan kiwo, har ya zama mutum mai rawani yana jin nauyin a gan shi yana tsotsar faru, amma ba ya jin nauyin riƙe robar inabi.

Maƙwabtanmu ba su raina shi haka ba. A Burkina Faso faru kayan kasuwa ne, in lokacinsa ya yi mata na jera shi tuli-tuli a Wagadugu, ana shanya shi a ajiye, ana matse ruwansa a sha. A 2008 Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da mujalladi na uku na littafinta kan amfanin gonar Afirka da aka yi watsi da su, wanda ya tattara 'ya'yan itatuwa, kuma faru da ɗinya da kanya da taura da gawasa duk suna ciki a matsayin abubuwan da suka cancanci a mayar da su na lambu. A Nijar an ɗauko rassan magaryar Indiya mai manyan 'ya'ya aka aura wa magaryar gida, aka samu abin da ake sayarwa a Yamai da sunan tuffar Sahel. Wanda ya ga girmanta ba zai yarda 'yar'uwar magaryar da muke tsinta ba ce.

Darasin da ya fi kusa da mu kuwa daga Maraɗi yake, kuma Hausawa ne suka yi shi. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a can, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. In an zaɓi toho mai ƙarfi an rage sauran an bar shi, cikin 'yan shekaru ya zama bishiya. Da farko an yi masa dariya. Yunwar 1984 ta sa mutane suka gwada, daga baya kuma da manomi ya tabbata bishiyar da ya rena tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji ba, abin ya bazu da kansa daga gona zuwa gona. An ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar. Wannan a ƙasar da ruwanta bai kai rabin namu ba. A gonakin Kokona da ƙauyukan bayan Keffi kututturan faru da ɗinya da kaɗanya suna nan suna toho duk shekara, ana bin su da adda da feshi.

Wani zai ce ai akwai rumbunan ajiyar iri. Akwai. Cibiyar NACGRAB tana Ibadan tun 1987, cibiyar IITA a can ita ma tana riƙe da irin wake fiye da 15,000, akwai kuma babban rumbun Svalbard da aka buɗe a 2008 cikin ƙanƙarar Norway. Wannan yana da amfani ga dawa da wake da shinkafa, waɗanda in ka shuka ƙwayarsu za su ba ka abin da ka ajiye. Bishiya mai zaƙi ba a ajiye ta a kwalba. Sai dai a riƙe ta da rai, a ɗauki reshenta a kai wani wuri tun tana tsaye.

Aikin ba ya buƙatar biliyoyi. Tsangayar aikin gona ta jami'armu tana Shabu, kusa da Lafiya, kowace shekara ɗalibai suna neman abin da za su yi bincike a kai don kammala digiri. A tura wasu ƙauyukan Keffi da Kokona da Karu a watan Mayu da Yuni, su zauna da tsofaffin mata da makiyaya, domin su ne suka san bishiyar da ta fi. A sa wa kowace alama, a rubuta inda take, a auna girman 'ya'yanta da zaƙinsu, a gwada dasa reshe a gwada aure a ga wanda ya fi kamawa. A ware kadada ɗaya ko biyu a tara zaɓaɓɓun a wuri guda, a sa musu sunayen ƙauyukan da aka samo su. Matan da ke yin zoɓo da kunun aya da ruwan tsamiya a gora suna sayarwa a ƙofar jami'a ba sa buƙatar kowa ya koya musu abin da za su yi da faru in ya samu da yawa. Ranar da ya zama yana da mai saye, manomi ba zai jira a roƙe shi ya bar shi ba.

Kafin nan, roƙona ga masarauta ne. Babu gonar da ake sayarwa a ƙasar Keffi ba tare da mai unguwa ko dagaci ya sani ba. Mai Martaba Sarkin Keffi, Dakta Shehu Chindo Yamusa na III, Allah ya ja zamaninsa, in ya umarci hakimai da dagatai cewa duk gonar da za a yanka fuloti a fara duba itatuwan marmarin da ke cikinta, a sanar da masu aikin gona su zo su ɗauki rassa kafin a sa zarto, za a bi. Kai kuma mai karatu da ka sayi fili a bayan gari ka tarar da faru ko ɗinya a ciki, ka ɗanɗana tukuna kafin ka kira masu sara. In mai zaƙi ne, ka ce wa magini ya matsar da katangar.